Munduwa a Hagu, Agogo a Dama: Kundin Gwaji na Mako 12

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Ƙanwata ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Mako biyu da suka wuce ta kira ni ta ce, "Yaya, likita ya ce sai na riƙa tattaki kullum, ni kuma ina son abin da zai riƙa ƙirga min. Munduwar nan ta motsa jiki zan saya, ko agogon zamani?" Har na buɗe baki zan amsa, sai na tarar duk abin da ke bakina ji na yi a wurin wasu, ban taɓa ɗaura su biyun na kwatanta ba. Na ce ta yi min haƙuri na mako 12.

Yau na fara. Munduwa a hannun hagu, agogo a dama, kuma kowace Litinin zan musanya su, saboda hannun da mutum yake aiki da shi ya fi ɗayan motsi. Abokin guduna ya ara min ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya, ita ce za ta zama alƙali. Na kuma ware ƙaramin littafi da biro, don kada in dogara da manhajar da nake son in gwada.

Munduwar siririya ce, faɗinta bai wuce na yatsa ba, fuskarta 'yar ƙarama, ba ta da GPS nata sai ta jingina da waya. Agogon kuwa babba ne, yana karɓar kira da saƙo, yana da GPS a cikinsa, maɗaurinsa na roba mai huje-huje, ga tambarin wani kamfanin kayan wasanni a jiki. Ba zan faɗi sunan ko ɗaya ba. Abin da na gani a hannun mutum ɗaya bai isa a yanke wa kamfani hukunci da shi ba.

Abu uku nake nema: wanne ya fi faɗar gaskiya, wanne ya fi zama a hannu, sannan wannan tambarin na kayan wasanni me yake ƙara wa agogo. A ƙarshen gwajin, ranar 29 ga Yuni, ina son in yi gudun kilomita 10 ba tsayawa. Yanzu kilomita 4 ce iyakata.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na je filin tsere mai zagayen mita 400 da sassafe, na ƙirga taku 1,000 da bakina, sau uku. Duka biyun sun zo kusa, babu wanda ya kauce da abin da ya wuce taku 20 sama ko ƙasa. A tafiya miƙaƙƙiya, hannu na lilo, babu wani bambanci da zai sa a fifita ɗaya.

A gida ne abin ya canza. Na yi wanki da hannu na kusan rabin awa ina zaune wuri ɗaya, na ɗago na ga wanda ke hannun dama ya ƙara min taku fiye da 600. Da yamma kuma na yi tafiya ina rungume da kwali a ƙirji, hannuwa ba sa motsi, duka biyun suka ci min kusan kashi ɗaya cikin uku na takuna. Dalili ɗaya ne: babu wanda yake ganin ƙafa a cikinsu. Wata 'yar na'ura ce a ciki mai jin girgiza ta fuska uku, gaba da baya, gefe da gefe, sama da ƙasa, sai manhaja ta duba salon girgizar ta ce wannan ya yi kama da taku. Kama da wane kuwa ba ta wane ba ce.

Duka biyun sun zo da burin taku 10,000 a rana. Wannan adadi daga talla ya samo asali. A 1965 kamfanin Yamasa na Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku mai suna manpo-kei, ma'anarsa ma'aunin taku dubu goma, daga nan lambar ta bi duniya. A 2019 Dakta I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta suka wallafa bincike kan tsofaffin mata sama da 16,000. Waɗanda suke yin taku kusan 4,400 a rana an sami ƙarancin mace-mace a cikinsu a kan masu yin 2,700, amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Na tura wa ƙanwata wannan tun yanzu, don kada ta ga 10,000 ta karaya tun ba ta fara ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Mako ɗaya ya cika. Na yi wa agogo caji sau shida, munduwa ko sau ɗaya ban yi mata ba, har yanzu batirinta ya haura rabi. Dare huɗu agogon ya kwana a kan caja, saboda haka bai san komai game da barcina na waɗannan dararen ba. Munduwar tana da shida cif.

Wannan giɓi tsoho ne. Munduwar Mi Band ta farko da kamfanin Xiaomi ya fitar a 2014 an tallata ta da kwana 30 kan caji ɗaya, Apple Watch na farko kuma da ya fito a Afrilun 2015 awa 18 aka ce yana yi. Babbar fuska mai haske, GPS, da manhajoji masu aiki a bayan fage, su ne ke shanye batir.

Asabar, 19 ga Afrilu

Yau na ɗaura ukun gaba ɗaya. Na jiƙa ɗamarar da ɗan ruwa kamar yadda mai ita ya gaya min, na ɗaure ta a ƙasan ƙirji. Sanyinta ya ratsa ni na 'yan daƙiƙoƙi kafin jiki ya saba.

Hanyar aikinsu ba ɗaya ba ce. Ɗamara tana jin lantarkin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu, fasahar da kamfanin Polar na ƙasar Finland ya kawo wa 'yan wasa tun 1982. Munduwa da agogo kuwa haske suke amfani da shi. In ka juya bayansu za ka ga koren haske yana ƙyaftawa. Jini yana shanye koren haske, don haka duk sanda zuciya ta buga jini ya cika jijiyoyin wuyan hannu, hasken da ke dawowa sai ya ragu, tsakanin bugu da bugu kuma ya ƙaru. Wannan hawa da saukar suke ƙirgawa.

A zaune, ukun bakinsu ɗaya: 68, 68, 69. A tafiya ma haka. Da na fara gudu da tsayawa, minti ɗaya da ƙarfi, minti biyu a hankali, sai aka rabu. Ɗamara tana hawa nan take, su biyun kuma sai sun yi jinkirin daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin su cim mata. A zagaye na biyar munduwar ta nuna 172 alhali ɗamara tana 148, kuma ina jin numfashina na san ba 172 ba ne. Da na duba daga baya, 172 ɗin kusan adadin takuna ne a minti ɗaya. Ta kama lilon hannu ta ɗauka bugun zuciya ne. Na matsar da ita sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa biyu, na ƙara rami ɗaya a maɗauri, matsalar ba ta sake dawowa ba.

Akwai abin da ya dame ni tun kafin in fara, shi ne batun launin fata. Sinadarin da ke sa fata ta yi duhu shi ma yana shanye koren haske, ni kuma fatata baƙa ce sosai, haka ta ƙanwata. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada na'urori bakwai a kan mutum 60. Shida daga ciki sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba, amma sun lura kuskuren yana ƙaruwa ga masu duhun fata. A 2020 wani bincike daga Jami'ar Duke a kan mutum 53 bai sami bambancin a-zo-a-gani tsakanin launukan fata ba, abin da ya samu shi ne kuskure ya fi yawa lokacin motsa jiki a kan lokacin hutu. Mutum 60 da mutum 53 sun yi kaɗan ga na'urar da miliyoyin baƙaƙen fata ke ɗaurawa, kuma a ganina nauyi ne a kan masu ƙera ta su gwada ta a kan kowane irin hannu su fito da sakamakon fili. A nawa hannun dai, matsewar maɗauri ta fi komai tasiri.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ruwa ya hana ni fita, sai na zauna kan tambaya ta uku, batun tambari. Na fara da Nike da Apple, don su ne suka fi daɗewa tare.

A Mayun 2006 suka sanar da Nike+iPod. 'Yar na'ura ce kamar ƙwallon dabino a girma, ana ɗaga shimfiɗar cikin takalmin hagu a saka ta a wani gurbi da aka yi mata, sai ta riƙa aika saƙo zuwa iPod nano, 'yar na'urar jin kiɗa ta Apple, murya kuma ta gaya wa mai gudu nisansa da saurinsa a kunne. Wannan haɗin gwiwa ne na gaske: ɗaya ya kawo takalmi da masu gudu, ɗaya ya kawo na'ura, babu wanda zai iya shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tim Cook, wanda daga baya ya zama shugaban Apple, tun 2005 yake cikin hukumar gudanarwar Nike.

Daga nan Nike ya fara takawa da ƙafarsa. A 2011 ya yi agogon GPS tare da TomTom, a farkon 2012 kuma ya fitar da FuelBand, baƙar munduwa mai maɓalli ɗaya da jerin ƙananan fitilu da ke tashi daga ja zuwa kore gwargwadon motsin mutum a rana. Ta yi tashe ƙwarai, shi kansa Tim Cook an sha ganin ta a hannunsa. Amma a Afrilun 2014 labari ya fito cewa Nike ya sallami mafi yawan ma'aikatan da ke ƙera ta. Wata biyar bayan haka, a Satumba, Apple ya sanar da agogonsa. Jay Blahnik, masanin motsa jiki da ya yi aiki kan FuelBand, tun 2013 ya koma Apple.

A Satumbar 2016 aka sanar da Apple Watch Nike+. A nan ne na tsaya na yi tunani, domin cikin agogon babu abin da ya bambanta shi da sauran agogunan Apple na Series 2. Abin da Nike ya kawo shi ne maɗauri mai huje-huje, wasu fuskokin agogo na musamman, da manhajar gudu da aka riga aka saka. A 2022 ma aka daina sayar da shi a matsayin nau'i na daban, aka buɗe fuskokin ga kowa, maɗaurin ya zama abin saye shi kaɗai. Cikin shekara 16 an tashi daga na'ura a cikin takalmi an koma igiyar ɗaurawa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne 2018, lokacin da Nike ya rufe hidimar tsofaffin na'urorinsa, har da FuelBand. Munduwa tana nan lafiya lau a hannun mai ita, fitilunta suna kamawa, amma babu inda za ta kai bayanan.

Talata, 29 ga Afrilu

Ƙaiƙayi da ɗan ja a ƙarƙashin munduwa. Gumi da ragowar sabulu ne suka taru, don kwana da kwanaki ban cire ta ba. Na wanke ta da ruwa zalla, na bar hannun ya sha iska kwana biyu, ya baje. Agogon bai yi min haka ba, saboda caji yana tilasta min cire shi kullum, hujin maɗaurin kuma yana barin iska ta shiga. Daga yau, bayan kowane gudu zan cire su in wanke in shanya.

Lahadi, 4 ga Mayu

Kilomita 6 yau, karo na farko. Na bar waya a gida da gangan.

A nan agogo ya nuna ƙarfinsa. Na tsaya a fili kusan rabin minti ya kama tauraron ɗan'adam, daga nan duk kilomita sai ya ɗan girgiza a hannuna ya nuna lokacin da na yi ta. A kilomita ta biyu na ga na yi sauri da yawa, na rage, kuma wannan ragewar ce ta kai ni ƙarshe ba tare da na tsaya ba. Lambobin manya ne, kallo ɗaya ya isa, ko da gumi na shiga ido. Munduwar da ba ta da waya kusa sai ta koma ƙiyasi da tsawon taku, ta ba ni kilomita 6.7. Ko da ma ta yi daidai, sai na kawo hannu kusa da fuska kafin in karanta ta, ga shi rana tana kashe haskenta.

Daga baya na gwada agogon a filin tsere, zagaye goma a layin ciki, wato kilomita 4. Ya ba ni 4.06. A tsakanin dogayen gine-gine kuma taswirar ta nuna ni ina ratsa bango, saboda saƙon tauraron yana dukan gini kafin ya iso. Wannan halin GPS ne a kowace na'ura.

Gudun na minti 41 ya ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na batirin.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na koma kan tarihi, na bi sauran kamfanonin. Na zaci labarin Nike na daban ne, ashe kusan duk hanya ɗaya suka bi.

Under Armour ne ya fi kowa zuba kuɗi. A ƙarshen 2013 ya sayi manhajar MapMyFitness kan dala miliyan 150, a Fabrairun 2015 ya ƙara da Endomondo kan miliyan 85 da MyFitnessPal kan miliyan 475. Jimilla dala miliyan 710. A Janairun 2016 ya haɗa kai da kamfanin wayoyi na HTC suka fitar da HealthBox, akwati ɗaya mai munduwa, sikelin awon nauyi, da ɗamarar ƙirji. Shekara ta gaba aka daina yin sa. A 2020 ya sayar da MyFitnessPal kan miliyan 345, ƙasa da yadda ya saya da miliyan 130, ya kuma rufe Endomondo a ƙarshen shekarar. A tsakani, a 2019, an yi Galaxy Watch Active2 na Samsung mai tambarin Under Armour.

Adidas ya yi nasa agogon, miCoach Smart Run, a 2013. A 2015 ya sayi manhajar Runtastic ta ƙasar Ostiriya kan yuro miliyan 220, a 2018 kuma sai ga tambarinsa a kan Fitbit Ionic, agogon wani. Asics bai wahalar da kansa ba, a 2016 ya sayi manhajar Runkeeper. New Balance ya fitar da RunIQ tare da Intel a farkon 2017, bai sami magaji ba. Puma ya yi nasa da Fossil a 2019.

Ruwa ba ya tsami banza. Ga yadda na fahimci abin. Takalmi in ya bar masana'anta aikinsa ya ƙare, babu wanda zai dawo bayan shekara ya ce a sabunta masa shi. Agogo kuwa ranar da aka sayar da shi ranar ɗawainiyarsa take farawa: wayoyi suna sauya tsarin aikinsu kowace shekara, dole manhaja ta bi, dole a riƙe manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanan mutane, dole a biya injiniyoyi ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Wannan sana'ar masu waya ce. Ko kamfanonin fasaha da suka yi munduwa ba duka suka tsira ba. Jawbone ya durƙushe a 2017, Microsoft ya bar tasa munduwar a 2016 bayan shekara biyu kacal, Fitbit kuma da James Park da Eric Friedman suka kafa a 2007 ya ƙare a hannun Google kan dala biliyan 2.1, cinikin da aka kammala a Janairun 2021.

Sannan mai sayar da takalmi ba ya buƙatar ya mallaki abin da ke hannunka. Buƙatarsa ka yi gudu. Jiya da na gama, manhajar ta tambaye ni wane takalmi na sa, ta kuma nuna min kilomita nawa ya yi tun da na shigar da shi, da layin da ke cika a hankali zuwa ranar da za ta ce ya tsufa. Shawara ce mai amfani, don takalmin gudu yana mutuwa ta ciki tun samansa yana kyau. Amma na gane dalilin da ya sa manhaja ta ishe su.

To tambarin da ke kan agogona fa? Na zauna na lissafa abin da ya kawo: maɗauri mai shan iska, wanda na yaba da gaske, da fuska mai manyan lambobi, da manhajar da ko ba shi zan iya saukewa kyauta. Awon bugun zuciya, GPS da batir duk na kamfanin fasahar ne. Duk wanda zai saya saboda tambari, ya san maɗauri yake saye.

Asabar, 17 ga Mayu

Mako biyu ina jin wata gajiya da ba ta gudu ba. Jiya na gano ta. Ina zaune da baƙo muna magana, agogo ya girgiza, na duba, ya sake, na sake dubawa, har mutumin ya ce, "Ko kana da uzuri ne in tashi?" Kunya ta kama ni, don a idonsa duba agogo alama ce ta an gaji da shi. Da dare na kashe duk sanarwa in ban da kira. Yau hannuna shiru, kuma na lura da wani abu: agogon da aka kashe wa sanarwa, in ba lokacin gudu ba, aikin munduwa kawai yake yi, ga nauyi ga neman caji.

Batun kalori kuma, wato ma'aunin kuzarin da jiki ya ƙona, na rufe shi. A gudu ɗaya, minti 45, munduwa ta ce 390, agogo ya ce 520. A binciken Stanford ɗin nan, na'urar da ta fi kowacce ƙoƙari wajen kalori ta kauce da kashi 27 cikin 100, ta ƙarshe kuma da kashi 93. Babu mai auna kalori a wuyan hannu, ƙiyasi ne daga shekaru, nauyi, motsi da bugun zuciya. Haɗarin shi ne mutum ya ga 520 ya ce ya sami lasisin ƙara loma. A 2016 mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa gwajin Jami'ar Pittsburgh kan matasa 471 masu ƙiba. Bayan shekara biyu, waɗanda aka ba na'urar ɗaurawa sun rage kilo 3.5, waɗanda ba a ba su ba sun rage 5.9. Na cire kalori daga fuskar duka biyun, na sa mintocin motsi a madadinsa, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya da mintoci take magana: 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsa jiki ga baligi.

Laraba, 21 ga Mayu

Na buɗe taswirar guje-gujena na mako shida a haɗe. Duk layukan daga ƙofa ɗaya suke fita, can kuma suke komawa, kusan lokaci ɗaya kowace safiya. Wanda ya ga wannan ya san inda nake kwana da lokacin da ba na gida. Jikina ya yi sanyi. Na shiga saituna na mayar da komai na sirri, na ɓoye farko da ƙarshen kowace hanya.

Ba ƙaramin abu ba ne. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta guje-gujen masu amfani da ita tana fito da siffar sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojoji suna zagaye su da gudu da na'urori a hannu. A Maris na shekarar Under Armour ya sanar cewa an saci bayanan asusu kusan miliyan 150 na MyFitnessPal. Da Google zai sayi Fitbit ma, sai da Tarayyar Turai ta sa masa sharaɗin kada ya yi amfani da bayanan lafiyar mutanenta wajen talla har shekara goma.

Na gwada fitar da bayanaina daga manhajojin biyu. Ɗaya ta ba ni kowane gudu a fayil ɗin GPX, wanda kusan kowace manhajar gudu take karɓa. Ɗayar sai da na cika buƙata na jira kwana biyu, abin da ya zo kuma tarin lambobi ne da sai an sha wahala kafin a gane su. Bayan abin da na karanta kan FuelBand da Endomondo, wannan ya zama tambaya ta huɗu da ban fara da ita ba, kuma yanzu na sa ta a gaba: in kamfani ya rufe ko aka sayar da shi, zan iya kwashe kayana in tafi?

Lahadi, 25 ga Mayu

Ƙanwata ta kasa jira. "Yaya, mako bakwai fa ke nan. Ni dai ka faɗa min ko a taƙaice."

Na tambaye ta, "Gudu za ki yi ko tafiya?"

"Tafiya."

"Da waya kike fita?"

"Kullum."

"Cajin wayar ma kina tunawa da shi?"

Ta yi dariya ta ce sai ta mutu take tunawa. Na ce to munduwa. Ta yi jim, ta ce ita fa agogon nan mai tambari ya fi burge ta. Na gaya mata abin da na samu game da tambarin, na kuma ce na'urar da ke kwance a kan caja ba ta ƙirga wa kowa taku. Na ja mata kunne kan abu biyu: kada ta kula kalori, kuma in ta ji wani abu a ƙirjinta ko numfashinta, likita za ta nufa ko munduwa ta ce komai lafiya. Akwai agogunan da ke ɗaukar hoton bugun zuciya, Apple ya fara sa wannan a nasa a 2018, kuma da likitanta ya ce a sa ido kan zuciyarta da amsata ta canza. Bai ce ba, tattaki ya ce.

Ta ce, "Kai fa, Yaya, wanne za ka riƙe?" Na ce da saura.

Litinin, 2 ga Yuni

An shiga mako na tara. Jiya kilomita 8 cikin minti 53, ba tsayawa, sai ɗan ciwo a bayan ƙafar dama da ya lafa kafin dare. Bugun zuciyata na hutu, bisa lissafin munduwa na dare, ya sauko daga 66 a makon farko zuwa 60. Na tabbatar da yatsa biyu a jijiyar wuya da na farka, kafin in sauko daga gado: 61. Wannan ita ce lambar da ta fi faranta min rai a duk littafin, kuma munduwa ce kaɗai ta iya ba ni ita a jere, don ita ce take hannuna kowane dare. Lissafin caji zuwa yau: agogo 47, munduwa 5.

Ni kaina har yanzu a rabe nake. Awa uku zuwa huɗu da nake gudu a mako, agogon nake so, kuma ba na jin da na kai kilomita 8 da wuri haka ba don girgizar nan ta kowace kilomita ba. Sauran awannin makon kuwa munduwa. Akwai wata hanya ta uku da na fara dubawa, agogunan gudu zalla irin waɗanda Garmin ya fara yi da Forerunner a 2003, masu GPS da batirin da ke kai kwanaki, ba ruwansu da yawan manhajoji. Abokin guduna yana da ɗaya, ya ce zai ara min na mako guda bayan 29 ga wata.

Ƙanwata ta turo min hoton fuskar munduwarta jiya da dare: taku 5,200, rana ta huɗu a jere.

Wannan makon zan cire su duka daga yau zuwa Alhamis, in yi gudu biyu da numfashi da jin jiki kawai, in rubuta saurin da nake zato a littafi, sannan ranar Asabar in maimaita hanyar da agogo in ga nisan zatona da gaskiya. Ranar Lahadi kilomita 9, in bayan ƙafar ya bari. Ɗamarar ƙirji tana buƙatar sabon batir kafin nan.